Kafin ka miƙa wa yaro makullin mota

Dokar Najeriya ba ta yarda wanda bai cika shekara 18 ba ya tuƙa mota a kan titi, ko da motar ta gidansu ce, ko da mahaifinsa na zaune a gefensa. Aikina koyar da tuƙi ne a nan Hotoro, a Kano, kuma yawancin iyayen da ke kawo mini 'ya'yansu da wata fahimta dabam suke zuwa. Maganar da na fi ji ita ce: "Malam, ai ya iya. Hannunsa ya faɗa tun yana aji uku na sakandare, takarda kawai muke nema." In na tambayi wanda ya koya masa, sai a ce Abbansa, ko yayansa, ko direban gidan. Wani ma wajen wankin mota ya koya, yana fito da ita daga gareji kullum da safe, har aka fara aikensa bakin titi.

Ba na raina koyarwar uba. Uba ya fi ni sanin halin ɗansa, ya fi ni lokaci tare da shi, kuma babu malamin da zai kai shi son yaron ya dawo gida lafiya. Yana da babban rabo a wannan aiki. Damuwata ita ce a gidajenmu ana fara nasa rabon tun lokaci bai yi ba, kuma da shi kaɗai ake tsayawa.

Hannu yana saurin koyo. Yaro ɗan shekara 14 zai iya sanin kuloci da giya da ribas cikin 'yan kwanaki, balle yanzu da yawancin motocin gida otomatik ne, totur da birki kawai. Ido ne ke ɗaukar lokaci. Ka bi Titin Maiduguri da yamma, daga Daurawa zuwa gadar Hotoro ka wuce Mariri. Ɗan adaidaita sahu da ke gabanka zai ci birki nan take don wata ta ɗaga masa hannu daga gefe. Yaran Islamiyya sun taso, ɗaya ya tsallaka, kuma duk wanda ya daɗe a titi ya san na biyu yana biye da shi a guje. Tankokin da ke kai-komo wajen daffon NNPC da tirelolin da ke bin Eastern Bypass suna da wurare a gefensu da bayansu inda direban ba ya ganin ƙaramar mota sam, kuma in za su sha kwana sai sun fara buɗewa zuwa ɗaya hannun, sabon direba ya ga fili ya kutsa. Gogaggen direba yana hango duk wannan tun bai faru ba, ƙafarsa ta riga ta bar totur ta koma kan birki. Yaron da hannunsa ya faɗa sai abin ya faru yake gani.

Ga lissafin da nake yi wa kowane ɗalibi a ranar farko. Iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa. A wannan gudun mota tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sunkuyar da kai ya duba waya na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar mita 28 bai ga gabansa ba. In kuma aka ninka gudu, tazarar da mota ke bukata ta tsaya bayan an taka birki tana ninkuwa huɗu. Babba ma yana mantawa da wannan. Matashi kuwa jininsa na gaya masa zai iya tsayawa a duk inda ya so, kuma likitoci sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke auna haɗari da danne zumuɗi ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu da muke bin Titin Zariya ta gaban Asibitin Malam Aminu Kano ba sai an kawo mana rahoto ba.

Akwai abu na biyu, kuma shi ya fi ba ni wahala a cikin mota. Uba yana koyar da abin da yake yi, har da abin da bai san yana yi ba. Ɗalibin da ya koya a gida ina gane shi tun kafin mu fita daga layi. Hannu ɗaya a sitiyari. Madubi sai an tuna masa. In ya hango mutum a gaba, hon yake fara dannawa kafin ya tuna da birki. A otomatik yana taka birki da ƙafar hagu, ranar da ya firgita sai ya take duka biyun. A gangara yana sakin giya wai don a rage shan mai, alhali ya raba kansa da riƙon da inji ke yi wa mota. A shataletale bai san cewa wanda ya riga ya shiga, wanda ke zuwa ta hagunsa, shi ke da hanya ba, don ya saba ganin mai ƙarfin hali ne ke wucewa. Cire waɗannan halaye ya fi koyar da wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba wuya, kuma sau da yawa in na gyara wa yaro abu sai ya ce, cikin ladabi, "Malam, haka Abba yake yi." Ba zan ce masa Abba ya yi kuskure ba. Sai dai in nuna masa dalili, in yi fatan dalilin ya zauna.

Sannan motar gida ba ta da birki a ɓangaren mai koyarwa. Motar makaranta tana da shi, kuma shi ne ke ba ɗalibi damar yin kuskure ba tare da wani ya biya da ƙafarsa ba. Uban da ke gefe ba shi da komai sai murya. In abu ya taso sai ya daka tsawa, yaro kuma tsawar uba takan sandarar da shi.

Hanyar da doka ta shimfiɗa ba ta da sarƙaƙiya. Yaro ya cika 18. A kai shi makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, domin a tsarin da ake bi yanzu sabon lasisi ba ya fita sai da shaidar irin wannan makaranta, bayan darussa 26 aƙalla. A karɓar masa takardar izinin koyo, wato ta lana, daga ofishin lasisin motoci na jiha. Wata uku take yi, ana kuma sabuntawa. Da ita ne yake da ikon hawa titi, bisa sharaɗin a maƙala jan harafin L a gaban mota da bayanta, kuma mai cikakken lasisi ya zauna a gefensa. In ya gama, jami'in duba motoci, wato VIO, ya gwada shi. In ya ci, a biya kuɗi, ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, da lambarsa ta NIN, a ba shi na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Duk wanda ya ce ka kawo hoto da kuɗi zai kawo maka lasisi har gida, ba gwaji, ba ɗaukar yatsu, to ka sani ko dai na jabu zai kawo maka, ko kuma ya taya ka sakin yaron da ba wanda ya auna shi.

Wasu iyaye sukan ce mini ai a Turai da Amurka iyaye ne ke koya wa 'ya'yansu, tun suna 15. Gaskiya ne, amma a duba yadda ake yi. A jihar Texas ta Amurka uba ko uwa na iya zama malamin tuƙin ɗansu, sai dai sai sun nemi izini a hukumance, an duba tarihin tuƙinsu, sun bi manhajar da aka amince da ita, kuma yaron ya riƙe takardar lana wata shida aƙalla, ya yi awa 30 na atisaye, 10 daga ciki da dare. A Faransa yaro na iya farawa a 15, amma sai ya yi awa 20 a makarantar tuƙi tukuna, sannan ya yi kilomita 3,000 tare da babba a gefensa cikin shekara guda aƙalla. A duka wuraren biyu, uba yana shigowa ne cikin tsari, da rajista, da ƙidayar awanni. Abin da muke yi a lungunan Tarauni da Gyadi-Gyadi, a ba yaro makulli a ce ya zaga ya dawo, bai yi kama da wannan ba.

Na san ba duka ne ganganci ba. Akwai gidan da maigida ke aiki a Abuja ko Legas, mota na ajiye, Hajiya ba ta tuƙi, ga cefane a kasuwar Tarauni, ga kai ƙanne makaranta, ga tsohuwa da ke bukatar asibiti. Ɗan shekara 16 yana tsaye yana cewa, "Umma, ki kawo in kai ki." Wace uwa ce ba za ta ji sanyi ba? Amma ina roƙon Hajiya ta auna kuɗin adaidaita sahu na shekara biyu da abin da zai biyo baya in ya buge ɗan wani. Inshorar dole da aka biya, wadda ta koma naira 15,000 tun farkon 2023, sharaɗinta mai lasisi ne ke tuƙi, don haka kamfani na da hujjar juya baya. Hukuma za ta kama mota, kuma wanda ya ba da makulli shi za a nema. Ga diyya da kaffara da addini ya ɗora a kan kisan kuskure. Ga kuma yaro da zai rayu da wannan a zuciyarsa tun bai gama sakandare ba. Mafita mafi kusa a irin wannan gida ita ce Hajiya da kanta ta koya, kuma ina ganin mata suna koyo da natsuwar da samari ba su da ita. Wanda ba ya son namiji ya koya wa matarsa ko 'yarsa, ya nemi makarantar da ke da malama.

Abin da ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne na Sallah da na biki. Kowace Sallah FRSC da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, sai sun ja kunne a kan ba yara mota, kuma kowace Sallah sai ka ga yara biyar, shida a mota ɗaya, wasu zaune a kan taga, mai tuƙin da ƙyar kansa ya wuce sitiyari. Haka wajen ɗaukar amarya, ana wasa da mota a tsakiyar jama'a. Wannan makullin daga aljihun babba ya fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka wasu ke kafa mini hujja, kuma na yarda da karin maganar. Amma abin da za a tanƙwara a shekara 12 zuwa 17 shi ne ido da hali. Ka zaunar da shi a gaba, ya ɗaura bel, ka riƙa tambayarsa: me kake tsammanin mai babur ɗin can zai yi? Me ya sa na rage gudu a nan? Wace alama muka wuce yanzu? Ka tsaya a danja ko babu ɗan KAROTA. Ka bar wayarka ta yi ta ringi har ka faka. Yaron da ya taso haka, in ya zo wurina a 18, rabin aikin an gama.

Bayan makaranta kuma aikin ya dawo hannunka, Alhaji, kuma nan ne ba ni da mai maye gurbinka. Darussa 26 suna sa yaro ya ci gwaji, ba su isa su nuna masa damina da hazo da dare ba. Watannin farko bayan karɓar lasisi su ne mafi haɗari ga sabon direba. Ka fita da shi da sassafe ranar Lahadi, titi ba kowa, a layukan unguwa tukuna. In ya natsu, ku hau Titin Maiduguri da hantsi, daga baya ku shiga gosulon Dangi da yamma. Ku fita bayan isha'i, ya koyi sauke ido daga fitilar mai zuwa ya bi gefen hannunsa. Ku fita ranar ruwa, ya ji yadda birki ke ƙara nisa, ya koyi cewa ruwan da ya rufe kwalta yana iya rufe rami ko kwata. Hanyar Wudil da sauran manyan hanyoyi su zo ƙarshe. In ya yi kuskure, ka ce ya faka, ku yi magana mota na tsaye.

Ranar da ka fara barinsa shi kaɗai, ka kafa sharaɗi biyu na wata shida na farko: ba ɗaukar abokai, ba fita bayan ƙarfe tara na dare. Abokai a mota suna ƙara wa matashi gudu, suna raba masa hankali, kuma ƙasashen da ke ba da lasisi mataki-mataki waɗannan biyun suka fi taƙaitawa. Ka sa masa lambar gaggawa ta FRSC, 122, a wayarsa, ka kuma gaya masa ƙarara cewa ko gogar mota ya yi, kai zai fara kira, kuma ba za ka fara da faɗa ba.