Mai Tsara Aiki da Mai Raba Kayan Aiki a Cikin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa yin rajista ya san aiki ne hawa-hawa: a cika takarda, a biya kuɗi, a karɓi rasit, sannan a ba da aji. A kwamfuta akwai manhajar da ke lura da irin wannan jeri, tana adana matakin da aka tsaya ko da an ɗauke wuta. Ita ake kira injin tsara aiki. Misalinsa shi ne Activiti, wanda kamfanin Alfresco ya fitar a 2010. Daga jikinsa ne Camunda ya tsiro a 2013, sai Flowable a 2016.

To, amma injin nan umarni kawai yake bayarwa. Kowane mataki yana da ɗan ɓangaren manhaja da ke aiwatar da shi, shi kuwa ɓangaren yana bukatar kayan aiki, kamar hanyar shiga rumbun bayanai. Maimakon kowa ya ƙera nasa, sai a naɗa ma'aji guda mai ƙerawa yana rabawa. Wannan dabara ta miƙa madogara ita ce ginshiƙin Spring, wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a 2004 don harshen Java.

Wajen haɗa su biyun ne ake tuntuɓe. Idan aka bar injin ya gina ɓangaren da kansa, ma'aji bai san da zamansa ba. Zai fito hannu rabbana, da zarar ya nemi rumbun bayanai sai aiki ya tsaya cik. Maganin shi ne a gaya wa injin sunan da ma'aji ya san ɓangaren da shi, domin ya karɓo shi da kayansa.

Abu na biyu ya fi haɗari. A ce an rubuta cewa ɗalibi ya biya, amma kafin injin ya adana matakin sai na'ura ta mutu. Gobe za a sake neman kuɗin! Saboda haka ake ɗaure rubutun biyu a igiya ɗaya: ko su tabbata tare, ko a soke su tare.

Malamai na iya gwada wannan a aji. Ɗalibi ɗaya ya zama inji, ɗaya ma'aji, sauran su zama matakai. A hana inji magana da ma'aji, a ga inda rajistar za ta maƙale.