Batir da ruwan damina: abin da ya kamata kowane gida ya sani

Damina ta kama, kuma da wuya a shiga wani gida a sansanin nan ba a tarar da batir ba: na waya, na fitilar sola, ko babban da ake haɗawa da faifan sola ana sana'ar caji. Ɗakunanmu na tamfol da zana ne, a manne da juna. Wutar da ta tashi a ɗaki ɗaya ba ta tsayawa a nan.

Mu fara da babban batir mai bolt 12. A cikinsa akwai faranta na dalma da aka tsoma cikin asid, wanda muka fi sani da ruwan batir. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin abu biyu ne ake kira da wannan suna. Akwai asid ɗin kansa, akwai kuma tataccen ruwa da masu gyaran batir ke sayarwa a kwalba. Idan ruwan cikin batir ya ja baya, ruwa ne ya ƙafe saboda zafi da caji, asid ɗin yana nan. Don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, har ya rufe farantan. Ruwan rijiya ko na famfo, ko da ya yi garau a ido, yana ɗauke da gishiri da ƙarfe da ke cinye ƙarfin batir a hankali. Batirin da aka rufe ruf tun daga masana'anta kuwa ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komai.

Lokacin caji wannan batir yana fitar da iska marar launi, marar wari, mai saurin kamawa da wuta. Kada a yi cajinsa a rufaffen ɗaki, kada a haska shi da ashana ko a-ci-bal-bal, kada a sha taba kusa da shi. A ɗora shi kan benci ko tubali, ya yi nisa da ƙasa da inda rufi ke yoyo.

To, idan ruwa ya riga ya shiga ɗaki fa? Bolt 12 ba ya jan mutum sosai, amma inbata tana mayar da shi wuta irin ta gari, fiye da bolt 200, kuma wannan tana kisa. Kada kowa ya taka ruwan da wayoyinta ke ciki. Daga busasshen wuri, da busasshen hannu, a kashe inbata, a cire wayar faifan sola, sannan a kwance kan batir mai alamar ragi kafin mai alamar ƙari. A goge laka, domin jiƙaƙƙen datti tsakanin kawunan biyu yana tsotse caji. Batirin da ya nutse gaba ɗaya sai mai gyara ya duba shi kafin a sake haɗawa.

Batirin waya da na fitilun sola da yawa wani iri ne daban, na litiyam, kuma mun fi jin tsoronsa saboda yana ruɗi. Waya ta faɗa ruwa, an goge ta, ta kunnu, kowa ya ce alhamdu lillahi. Amma danshin da ya shige ciki yana cin ƙananan wayoyi, kuma batirin na iya yin zafi ya kama wuta bayan kwanaki. A kashe wayar nan take, a cire batir idan yana ciruwa, a bar ta a inuwa mai iska kwana biyu ko uku, ba caji. Binne ta cikin shinkafa da ake yi ba ya fitar da ruwan ciki, asarar shinkafa ce kawai. Shanya ta a rana ko kusa da murhu ya fi haɗari.

Duk batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafi ba a caji, ya gama aiki. Mun ga masu ɗaure kumburarren batir da roba, da masu huda shi da allura wai iska ta fita. Hudawar ce ke tayar da wutar. A fitar da shi waje, a sa shi cikin gwangwani mai yashi, nesa da zana. Idan ya fara hayaƙi, a fitar da yara, kada a shaƙa, a zuba yashi ko ruwa mai yawa daga nesa. Kuma a daina kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashi.

Idan asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, a cire rigar da ta jiƙe, a tafi asibitin sansani. Ba a shafa mai ko wani magani. Wanda ya zube a ƙasa, toka ko kanwa na kashe kaifinsa.

Saura maganar yara. Waɗanda suka fito daga Anka da Bukkuyum a cikinmu sun san abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar nan ita ce a cikin babban batir. Fasa mataccen batir a tsakar gida don a sayar da farantansa, ko mayar da kwandonsa mazubin ruwa, yana barin gubar a ƙasar da jarirai ke rarrafe. Ƙaramin batir mai kamar kwabo, na agogo da kayan wasa, shi ma idan yaro ya haɗiye zai iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. Kada a jira alama, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Matattun batura kada su shiga masai, rijiya ko wutar shara. A tara su a busasshen wuri da yara ba sa kai hannu, a rufe kawunansu da salatif, a tambayi shugaban unguwa inda ake karɓarsu.