Amsoshin Tambayoyinku: Shin Tsawa Tana Fasa Bututun da Ke Ƙarƙashin Ƙasa?

Wani manomin rani daga Kura a jihar Kano ya aiko mana da tambaya: tsawa ta faɗi kusa da gonarsa, washegari ya tarar da bututun da ya binne ya tsage, na'urar feshin ruwa kuma ta mutu. Yaya aka yi ta kai ga abin da ke binne?

To Malam, Allah ya mayar da alheri. Tsawa ba ta tsayawa inda ta faɗi. Wutar da take ɗauke da ita takan kai amfiya 30,000, kuma da ta taɓa ƙasa sai ta bazu tana neman hanya mai sauƙi: jiƙaƙƙiyar ƙasa, saiwar itace, waya, ko ruwan da ke kwance cikin bututu. Robar bututun ba ta ɗaukar wuta, amma ruwan cikinta yana ɗauka. Nan take zafi ya mayar da shi tururi, bututun ya fashe. Idan ka tona, kana iya ganin bakin tsagar ya narke ya yi baƙi.

Sai dai galibi wayoyin da aka binne tare da bututun su ne ƙofar ɓarna. Su ke kai wutar ga na'urar da ke buɗe ruwa, da injin rijiyar burtsatse, da inbatar sola, ta ƙone su.

Ka sa ƙwararren mai gyaran wuta ya kafa maka sandar jan ƙarfe cikin ƙasa, ya haɗa na'urorin da ita. Da hadari ya haɗu, cire su daga wuta. Don Allah kada ka taɓa famfo ko bututu sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe.