Lissafin Yaɗuwar Cuta ta Iska a Cikin Manyan Gine-gine

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana, cikin Hausa, yadda masana ke auna tafiyar ƙwayoyin cuta a cikin iskar babban gini, kamar asibiti ko makaranta ko dogon bene. Da yake fannin baƙo ne ga harshen, na kira aikin nasu "kwaikwayon lissafi", watau a siffanta gini da alƙaluma don a hango abin da zai auku a cikinsa.

Tushen ilmin yana wurin William Wells, wani masanin tsaftar muhalli na Amurka. A shekarar 1934 ya nuna cewa feshin da ke fita daga baki in an yi tari iri biyu ne. Manyan ɗigo sukan faɗi ƙasa nan take. Ƙanana kuwa kafin su sauka ruwansu ya bushe, sai ɓurɓushin ya zauna a iska, ya bi ta duk inda ta nufa.

A 1978 Riley da abokan aikinsa suka ɗora lissafi a kan wannan, bayan nazarin ƙyandar da ta ɓarke a wata firamare a jihar New York a 1974, inda ɗaliba guda ta harbi yara 28. Lissafin ya haɗa abubuwa biyar: yawan masu cutar a ɗaki, yawan ƙwayar da kowannensu ke fitarwa, yawan iskar da mai lafiya ke shaƙa, tsawon zaman, sa'an nan sabuwar iskar da ke shigowa. Huɗun farko ake ninkawa, a raba da na biyar. In sakamakon ya zama 1, ana sa ran kashi 63 cikin 100 na waɗanda ba su da rigakafi za su kamu. In an ninka sabuwar iska sau biyu, sai ya koma kashi 39. In sau huɗu, kashi 22. A lura, buɗe taga tana rage haɗari ƙwarai, amma ba ta kai shi ga babu.

Sai dai a ganina akwai gurguntaka a nan. Lissafin ya ɗauka cewa iskar ɗaki a gauraye take ɗaya, kamar an dama kunu, alhali wanda ke kusa da mai tari da wanda ke bakin ƙofa ba daidai suke shaƙa ba. Bugu da ƙari, babban gini ba ɗaki guda ba ne. Don haka aka fito da wata hanya, wadda ke kasa gini shiyya-shiyya, a lissafa iskar da ke ratsawa ta ƙofofi da tsagogi da matakala. Iska mai ɗumi sama take yi, saboda haka ramin matakala kan ɗauki gurɓatar hawan ƙasa ya kai wa na sama. Akwai kuma hanya ta uku, mai cin lokacin kwamfuta, da ke yanka ɗakin kansa ƙananan murabba'ai dubbai.

Misalin da ya fi fito da amfanin wannan shi ne na rukunin benayen Amoy Gardens a Hong Kong, inda cutar SARS ta kama mutum fiye da 300 a 2003, da yawansu a bene guda. Maƙwabtan nan ba cuɗanya suka yi ba. Bincike ya gano cewa ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututun magudanar banɗaki, wanda shi ke tare wari, ya ƙafe a gidaje da dama. Fankar banɗaki ta zuƙo feshin bahaya daga bututun, ta hura shi cikin siririn sararin da ke tsakanin gidaje. Kwaikwayon da aka buga a 2004 ya nuna feshin yana hawa da ɗumin iska, yana shiga tagogin hawan tsakiya da na sama, daga bisani iskar waje ta kwashe shi zuwa benayen da ke kusa. Taswirar da lissafin ya zana ta zo kusa da ta gidajen da cutar ta shiga.