Daga Fim Zuwa Fili: Yadda Za Ka Fara Kallon Tanis

Mutane da yawa ta ƙofar fim suka shigo tanis. Wanda ya kalli King Richard na 2021, inda Will Smith ya fito a matsayin mahaifin Venus da Serena Williams har ya ci kyautar Oscar, yakan tashi da marmarin ganin wasan na gaske. Sai ya kunna talabijin ya tarar da mutum biyu suna ta mayar wa juna ƙwallo, 'yan kallo sun yi tsit, ga lissafin maki ya ƙi fahimtuwa. Kafin rabin awa ya koma ƙwallon ƙafa. Abin yana damuna, domin daɗin da ya bari a baya ya fi wanda fim ya ɗanɗana masa.

Fara da lissafi, shi ne katangar. Makin farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu ya ba ka ƙaramin wasa guda. In an yi 40 da 40, sai wanda ya ci maki biyu a jere. Wanda ya fara tara ƙananan wasanni shida da ratar biyu ya ci zagaye. In aka yi shida da shida, sai a yi bugun raba gardama zuwa maki bakwai. A manyan gasanni mata na neman zagaye biyu cikin uku, maza uku cikin biyar. Babu agogo, babu alƙalin da zai hura usur lokaci ya ƙare. Shi ya sa a 2010 John Isner da Nicolas Mahut suka shafe awa 11 da minti 5 a gasar Wimbledon, cikin kwana uku.

Wannan rashin agogon shi ne ruhin wasan, kuma shi ne abin da fim ba ya iya nunawa, don fim tsinto maki masu zafi yake yi ya jera. A fili sai ka ci makin ƙarshe da hannunka. A wasan ƙarshe na gasar Roland Garros ta Paris a 2025, Jannik Sinner ya samu dama uku a jere ta ɗaukar kofi, maki ɗaya kacal yake nema. Carlos Alcaraz ya hana shi duka ukun, ya dawo ya ci bayan fiye da awa biyar. Wanda ya kalli taƙaitaccen bidiyo a waya ya ga sakamako, amma bai ji yadda zuciya ke bugawa ba.

Saboda haka ka san lokacin zuba ido. Mai bugun farko shi ke da rinjaye, yawanci shi ke cin wasansa. Duk sanda ka ga yana baya, 15 da 40 ko 30 da 40, ajiye wayarka, nan ake karya mutum. Kuma kada idonka ya riƙa bin ƙwallo kullum. Ɗauki ɗan wasa ɗaya ka kalli ƙafafunsa, ka ga yadda yake komawa tsakiya bayan kowane bugu, da yadda ake jansa gefe don a buɗe fili.

Ka zaɓi gwani. Kallo babu gwani lami ne. Idan kana son wadda za ka ce taka ce, nemi tsofaffin wasannin Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. Ɗan Najeriya Nduka Odizor ma ya kai mataki na huɗu na gasar a 1983.

Batun lokaci kuwa, Wimbledon ta fi mana sauƙi. Ana yin ta a Landan tsakanin ƙarshen Yuni da Yuli, lokacin agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar, manyan wasanni da rana ne. Paris na gabanmu da awa ɗaya a watan Mayu da Yuni. Wasan ƙarshe na gasar Ostareliya a Janairu da hantsi yake riskarmu. Wasannin dare na New York kuwa sai sha biyun dare suke farawa, mai aikin safe ya haƙura da su.

Idan da iyali za a kalli fim, King Richard ya dace, musamman ga iyayen 'ya'ya mata. Challengers na 2024, wanda Zendaya ta fito ciki, labarin soyayya ne na manya, kada sunan tanis ya sa ka kunna shi gaban yara.

Wanda yake Kano ya saurari lokacin gasar Dala Hard Court ya je da kansa, ya zauna daura da layin baya. Kyamara tana rage wa ƙwallo gudu, daga nan ne za ka ga ainihin ƙarfin bugun farko.