Tsibiran Galapagos: Darasin da Awaki Uku Suka Koya Mini

'Yan uwa ɗalibai, a zangon da ya wuce malaminmu na sashen yawon buɗe ido ya ba ni aikin gida a kan tsibiran Galapagos. Na ɗauka labarin shaƙatawar masu kuɗi ne kawai, ashe akwai karatu a ciki.

Tsibiran mallakar ƙasar Ekwado ne, suna cikin tekun Fasifik, kusan kilomita 1,000 daga gaɓa. Aman wutar duwatsu ne ya fito da su daga ƙarƙashin ruwa. Dabbobin wurin sun daɗe ba su san ɗan Adam ba, shi ya sa ba sa gudunsa. Akwai kunkuru mai nauyin fiye da kilo 200, akwai ƙadangaren da ke nutso cikin teku yana cin gansakuka. Abin da Charles Darwin ya gani can a 1835 ya yi tasiri a bincikensa kan halittu.

Masu zuwa kallo da yawa a jirgin ruwa suke kwana. Jirgin ya yi tafiya da dare, da safe a kai su gaɓa a ƙaramin kwalekwale. Dokoki kuwa ba wasa: jirgi ba ya ɗaukar fasinja fiye da 100, ba a shiga gandun sai da ɗan jagora mai lasisi, a bar tazarar mita 2 tsakaninka da dabba, kuma ba a ba ta abinci.

Da farko na ce, kai, tsaurin nan ya yi yawa! Sai na ci karo da labarin tsibirin Pinta. A 1959 masunta suka saki awaki uku a can. Zuwa 1970 sun kai kusan 40,000. Dama matuƙa jiragen ruwa sun daɗe suna kwasar kunkuru suna ci, sai awakin suka cinye ciyawar da ta rage wa sauran. A 1971 aka ga namiji guda tak, wanda aka sa wa suna Lonesome George. Da ya mutu a 2012, irinsa ya ƙare a duniya.

To, mu da gobe za mu riƙa jagorantar baƙi, mu riƙe wannan: ba sai da bindiga ake hallaka namun daji ba. Ranar da baƙo ya miƙo maka na goro don ka bar shi ya karya doka, ka tuna da awakin Pinta.