Jiran Gurbin Karatun Lauya da Kuɗin Sukolashif

'Yan'uwana 'yan makaranta, musamman mu 'yan ajin fasaha, na lura duk lokacin da malami ya tambaye mu abin da muke so mu zama, kusan rabin aji sai su ce lauya. Ni ma ina cikinsu. To, a hutun da ya wuce na je gida Birnin Gwari na tarar da yayata tana jiran a ba ta gurbin karatun lauya a jami'a, na zauna da ita sati shida ina kallon yadda jiran nan yake. Abin da na gani, da wanda na tambayo a wurin manya, shi ne nake so in bayyana muku, domin mu ma ba da daɗewa ba za mu shiga wannan layi.

Da farko ya kamata mu san hanyar tana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce jami'a, inda ake yin shekara 5 kafin a samu digiri. Ta biyu ita ce Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, inda ake ƙara shekara guda. Wanda ya gama jami'a bai je can ba, ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali ya kare kowa. An buɗe makarantar a Ikko, watau Legas, a shekarar 1963 da ɗalibai 8 kacal. A 1997 aka mai da hedikwatarta Bwari kusa da Abuja, tana kuma da rassa, cikinsu har da na Bagauda a Jihar Kano da na Yola. Kafin a kafa ta sai mutum ya haye teku ya je Ingila. Can Muhammadu Bello, mutumin Katsina, ya zama lauya a 1956, shi ne kuwa ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Can kuma Aloma Mariam Mukhtar ta yi karatu, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, wadda ita ma ta hau kujerar Babban Joji a 2012. Yayata ta yanke hoton wannan baiwar Allah daga wata tsohuwar jarida ta manna a bangon ɗakinta.

Ga yadda ake shiga ƙofar farko. Sai ka samu kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, cikinsu har da Turanci da Adabin Turanci, yawancin jami'o'i kuma suna neman Lissafi. A nan ne da yawa daga cikinmu ke yin tuntuɓe, don muna raina Adabin Turanci, muna cewa ai tatsuniyar Turawa ce. Sa'an nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa 4 ake yi, maki 400 ne gaba ɗaya, da kwamfuta ake rubutawa, ba a kuma yi maka rajista sai kana da lambar ɗan ƙasa. Wanda bai kai shekara 16 ba a ƙa'ida ba a ɗaukarsa. Bayan wannan jami'ar da ka zaɓa za ta yi nata tantancewar. Yayata ta wuce duk waɗannan, makinta ya haura 250, ta zaɓi Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na shari'a yake Kongo a Zariya, inda ake koyar da dokar ƙasa da kuma shari'ar Musulunci.

Ni da na ji makin sai na ce, "Yaya, ai kin gama, sai ɗaure kaya." Ta yi dariya ta ce, "Kai yaro ne. Ai maki ba shi ne gurbi ba." Ashe akwai wata majalisa mai kula da ilmin shari'a, ita ce ke riƙe da Makarantar Horas da Lauyoyi, ita ce kuma ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban lauya da za ta ɗauka a shekara. Dalili kuwa shi ne duk wanda jami'a ta yaye wurinta zai zo, ɗakunan karatunta kuwa suna da iyaka. Jami'ar da ta zarce adadinta ana hukunta ta. A farkon 2025 hukumar JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i 8 saboda hukuncin wannan majalisa. Saboda haka masu nema dubbai ne, kujeru kaɗan, mai maki mai kyau ma yana iya rasawa, ko kuwa a ce da shi ga Tarihi ko Kimiyyar Siyasa in yana so. A ganina wannan ƙa'ida tana da ciwo, amma tana da hujja. Gara a hana ka tun a bakin ƙofa da ka yi shekara 5 sa'an nan a ce babu wurinka.

Tun daga 2017 ba a jiran ɗan aike ko akwatin gidan waya. A shafin hukumar JAMB na intanet ake duba gurbi, in an ba ka sai ka danna ka karɓa, akwai kuma wa'adi, in ka bari ya wuce ana iya ba wani. Ga ɗan Kaduna ko Zariya wannan sauƙi ne. Ga mu mutanen bakin daji kuwa wani abu ne dabam. Garinmu yana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, yana maƙwabtaka da dajin Kamuku, wanda aka mai da gandun daji na ƙasa a 1999, kowa kuma ya san abin da 'yan bindiga suka mai da dazuzzukan nan. A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka yanke sabis na waya a wasu sassan Jihar Kaduna, har da namu, don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana, ba a mayar ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. A lokacin ɗan kawuna yana jiran nasa gurbin. Don ya duba waya kawai sai da ya shiga mota ya bi hanyar Udawa da Buruku zuwa Kaduna, hanyar da a wancan lokaci mutum ba ya binta sai ya yi sallama da iyalinsa. Sau biyu yana zuwa ba a sa sunansa ba. Daga ƙarshe kawu ya ce ya zauna can wurin wani ɗan'uwa har abin ya fito. Ya samu, amma kafin ya zauna da kyau malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, wata 8 cur, ya dawo gida ya kama fartanya.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garinmu aka yi sulhu, aka sake buɗe karar shanu bayan ta daɗe a rufe. Bayan haka hanya ta yi sauƙi, har wasu suka koma gonakin da suka bari. Don haka jiran yayata bai kai na ɗan kawu wahala ba. Duk da haka kullum da asuba, da ta idar da salla, sai ta ɗauki waya ta tsaya gindin darbejiyar ƙofar gida inda sabis ya fi ƙarfi. In ta dawo ba ta ce komai ba, mu ma ba mai tambaya. Inna takan ce, "Zo ki karya, abin da yake rabonki ba ya wuce ki."

Yanzu bari in zo kan kuɗi, domin nan ne na fi samun darasi. Da ina tsammani in mutum ya yi ƙoƙari gwamnati za ta ba shi sukolashif ya tafi abinsa. Gaskiya ne akwai hukumomin ba da taimakon karatu na jihohi da na tarayya. Akwai kuma asusun rancen ɗalibai da ake kira NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilu na 2024. Rance ne ba kyauta ba, amma babu kuɗin ruwa, ana fara biya shekara 2 bayan an gama bautar ƙasa, ana cirar kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. To, amma ku duba abin da ake tambaya kafin a karɓi takardarka a irin waɗannan wurare: takardar shaidar an ɗauke ka, galibi kuma har da lambar da makaranta ke ba ɗalibi, da lambar banki, in kuwa sukolashif na jiha ne sai an ga takardar shaidar ƙaramar hukumarku. Watau sai ka riga ka shiga sa'an nan ka nema. Shiga kuwa tana da nata kuɗin: na karɓar gurbi, na rajista, na ɗakin kwana, na mota, na katifa da bokiti, ga littattafan shari'a masu kauri da tsada. Jami'a tana sa ranar rufe rajista. Kuɗin taimako ba shi da ranar da za ka ce lalle yau zai zo. Ɗan kawuna ya cika fom a wani ofishi tun yana aji ɗaya, ya je an yi masa tambayoyi, an ce ya ci, kuɗin bai shigo ba sai da ya kusa gama aji biyu. Da ya zauna jiransa da ya yi tsammanin warabbuka.

Saboda haka kuɗin farko daga gida yake fitowa, a gidanmu kuwa kuɗi masara ne. Baba ya ware buhu 12 ya jingine a ɗakin soro, ya ce na karatun Yaya ne. Amma masara ita ma tana da nata lokacin. Da kaka, sa'ad da kowa ya kawo kasuwa, farashi a ƙasa yake. In aka jira zuwa bazara ko farkon damina yakan tashi, ko da yake ba kowace shekara ba, akwai shekarar da mai ajiya ke yin asara. Ga ƙwari, ga ɓera, ga kuɗin taki da ke jiran wannan masarar dai. In Baba ya sayar da wuri kuɗin zai narke cikin hidimar gida. In ya riƙe, gurbi ya fito ba zato, sai ya sayar a kan kowane farashi ɗan kasuwa ya taya. Na ji shi wata rana da dare yana lissafi da kawu a zaure, yana cewa, "Da za su faɗa mini wata, da na san abin yi." Wannan magana ta tsaya mini a rai ƙwarai. Su masu fitar da sunaye ina jin ba su san akwai wani tsoho a Birnin Gwari da ke auna buhu da ranar da za su buga takarda ba.

Akwai wani matsin kuma wanda mu maza ba mu cika sani ba. Gwaggo ta zo sau biyu cikin hutun, kowane zuwa sai ta kawo maganar aure. Ta ce wa Baba, "Malam, yarinya ta gama sakandare tana zaune, shekara 6 kuma za a ƙara? Sa'an nan bautar ƙasa?" Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, ta ga 'yan mata da yawa sun yi jira har shekara uku ba karatun ba auren. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya kira Yaya ya ce, "Uwata, na ba ki wannan shekara da mai zuwa. In Allah ya buɗe, alhamdu lillahi. In bai buɗe ba sai mu sake shawara." Ta ce, "Na gode, Baba."

Ƙofa ta biyu ma akwai jira a bakinta, amma ba zan tsawaita ba don tana da nisa da mu. Jami'a ce ke aika sunayen waɗanda suka gama, makarantar kuma ta tura mutum reshen da ta ga dama, ɗan Kaduna yana iya samun kansa a Inugu ko Yenagoa. Darussa 5 ake yi, ana tura ɗalibi kotu da ofishin lauyoyi ya ga aiki da idonsa, sai ya halarci liyafar cin abinci sau 3, sai baƙaƙen kaya da farare, ranar rantsarwa kuma hular lauya da baƙar riga. Duk kuɗi ne, kuma a lokacin iyaye sun riga sun gaji.

Abin da ya burge ni da Yaya shi ne ba ta zauna hannu rabbana ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta je sakatariya ta karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ta buɗe asusun banki, ta duba ta ga sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a kan kowace takarda. Wannan na ƙarshe ku riƙe shi da kyau. Wata ƙawarta an rubuta mata suna iri biyu, ɗaya a katin ɗan ƙasa ɗaya a satifiket, sai da ta yi ta zirga-zirga zuwa kotu tana rantsuwa kafin a gyara. Layin wayar da ta yi rajista da shi kuwa ba ta ba kowa aro, ko ni. Da hantsi tana koyar da yara a wata makarantar Islamiyya ta unguwa, abin da ake ba ta tana zubawa a adashi. Ranar da ba ta da aiki takan je kotu ta zauna a bencin baya ta saurari shari'ar gona da ta gado, in ta dawo ta ba mu labari, ban da sunayen mutane. Ta kuma sa ranta cewa in aka ba ta wani fanni dabam za ta yi shawara da Baba da malamanta kafin ta danna komai, domin in ka karɓa ka karɓa ke nan.

Ni dai tun da na dawo na roƙi malaminmu na Adabin Turanci ya ƙara mini aiki, na kuma rubuta wa Baba in tambaye shi ko zai ba ni ɗan yanki a gona da hutun damina in shuka tawa masarar. Ranar da zan taho makaranta Yaya ta raka ni tasha. Na ba ta lambar wayar malamin da ke kula da gidan kwananmu, ta ce in sunanta ya fito shi za ta fara kira bayan Baba. Yau sati biyar ke nan, kullum bayan cin abincin dare nakan bi ta ƙofar gidan malam in gaishe shi. Shekaranjiya ya ce mini Baba ya bugo, ya ce a gaya mini kowa lafiya, an yi feshin maganin ƙwari a soro, buhunan nan 12 suna nan.